Yadda Ake Doguwar Tafiya a Akori-Kura, Ana Yada Zango Ana Kwana a Cikinta

Wanda ya ƙudiri aniyar ratsa ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan cikin makonni ko watanni, yana tuƙi da rana yana kwana a bayan motarsa da dare, ya haɗa abubuwa biyu da a zaman gida suke rabe, wato abin hawansa da ɗakin kwanansa. Ranar da motar ta lalace a dokar daji, tafiya ta tsaya, kuma makwanci da ruwan sha da wutar lantarki duk sun tsaya tare da ita a wuri guda. Saboda haka shirin yana farawa ne daga abin da motar za ta iya ɗauka ba tare da ta wahala ba, kayan jin daɗi kuma su shigo gwargwadon gurbin da ya rage.

Mataki na farko: a san nauyin da motar ke ɗauka

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya amince ta ɗauka, kuma a yawancin motoci an rubuta adadin a wata takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ko kuma a cikin littafin motar. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne cewa wannan adadi ya haɗa da direba da fasinja, da rumfar da aka ɗora a kan bodi, da duk wani ƙarfe da aka ƙara wa motar bayan ta fito daga masana'anta. Ya kamata a ɗauki takarda da alƙalami a yi lissafin tun kafin a sayi ko da katifa.

A ɗauka misali cewa motar tana ɗaukar kilo 700. Mutum biyu sun kai kilo 150, rumfar bodi kilo 90, katakon gado da katifa kilo 50. Ruwa lita 60 kilo 60 ne, domin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, sannan man dizal na ajiya lita 40 ya kusa kilo 34. Batir na biyu da ƙaramin firji su ci kilo 50, kayan gyara da na fitar da mota daga taɓo kilo 40, abinci da kayan girki kilo 50, tufafi da barguna kilo 40. An kai kilo 564 ke nan, ba a kuma saka kujera ko tebur ko wani abin sha'awa ba. Motar da aka lafta wa kaya fiye da ƙima birkinta ba ya tsayar da ita a tazarar da aka saba, tayoyinta suna ɗaukar zafi, sifirin ɗinta na baya yana gajiya, kuma idan aka yi haɗari kamfanin inshora yana iya kafa hujja da yawan lodin. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a loda komai kamar yau za a tashi, a cika tanki, kowa ya shiga, a je sikelin da ake auna manyan motoci a ga adadin da ido.

Inda aka ajiye nauyin ma yana da tasiri. Ruwa da batir da akwatin kayan gyara su zauna a ƙasa, kusa da bangon da ya raba bodi da gaban mota, a gaban tayoyin baya ko a kansu. Duk abin da aka ɗora a rufi yana sa motar ta riƙa rinjaya a kwana, yana kuma ƙara shan mai, don haka rufi na kaya marasa nauyi ne kawai. A ɗaure kowane abu mai nauyi da ɗamarar lodi, domin jarkar da take zaune lafiya a kan kwalta tana iya tashi sama idan aka taka birki da ƙarfi.

Mataki na biyu: bakanike, sannan gwaji

A kai motar wurin bakanike da sauran makonni kafin tafiya, don idan an canja wani abu a sami lokacin ganin ko ya zauna daidai. A sauya baƙin mai da matatunsa, a duba birki gaba da baya, lagireto da robobinsa, fanbel, batir, fitilu da salansa. A kan tayoyi za a fi daɗewa. A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da ke farawa da haruffan DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Kamfanonin motoci da dama suna ba da shawarar a sauya taya idan ta kai shekara 6 ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa tana tsagewa. A ƙasashe da yawa doka ba ta yarda zurfin zanen taya ya gaza milimita 1.6 ba, amma wanda zai yi dubban kilomita da lodi bai kamata ya tashi da tayar da ta kusa wannan iyaka ba. Safaya ma taya ce, a sauko da ita a duba iskarta, a kuma gwada jak da sifanar kwance taya a tabbatar suna ɗaga motar tana da lodi.

Cikin kayan da za a tafi da su a sa famfon iska mai aiki da batirin mota, abin auna iskar taya, kayan faci, wayoyin tayar da batir, fiyus na ajiya, fanbel guda, shebur, igiyar jan mota mai ƙarfi, ɗan faffaɗan katako da za a sa ƙarƙashin jak a ƙasa mai laushi, abin kashe gobara mai fesa hoda, da akwatin taimakon farko.

Bayan haka a yi tafiyar gwaji ta kwana biyu ko uku a wuri mara nisa, da cikakken lodi. A nan ake gane cewa ruwan sama yana shiga ta kusurwar rumfa, ko kuma abin da ake buƙata kullum yana can ƙarƙashin abubuwa biyar. Duk kayan da ba a taɓa ba a gwajin, in ban da na gyara da na lafiya, a yi tunanin barinsa a gida.

Mataki na uku: makwanci

Tsawon bodin akori-kura yakan kama daga kimanin mita 1.5 zuwa mita 2.4, don haka sai mutum ya auna tsawonsa da na bodin kafin ya yanke shawara. Idan bodin gajere ne, ko dai a kwanta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ko a sauke ƙofar baya a tsawaita gadon a kanta a rufe da tamfol, ko kuma a koma ga tantin da ake kafawa a rufi. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne a shimfiɗa faffaɗan katako a kan tudun tayoyin baya, a mayar da ƙarƙashinsa ma'ajiya da akwatunan da ake jawowa ta baya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaga gadon da yawa don samun wurin ajiya, har mutum ya kasa zama a miƙe a kai. Wanda zai yi wata uku yana sa wando a kwance zai gaji da tafiyar tun ba a yi nisa ba, don haka a bar tazarar da za a iya zama kai bai taɓa rufi ba.

Sanyi ta ƙasa yake shiga, domin ƙarfen bodi yana zuƙe ɗumin jiki, kuma soso mai kauri a ƙarƙashin mutum ya fi bargo na uku a kansa amfani. A liƙe gefunan ƙofar baya da roba saboda ƙura, a sa ragar sauro a tagogi, a kuma rataya labule mai kauri wanda zai hana haske fita da dare.

Mataki na huɗu: iska

Wannan shi ne ɓangaren da sakaci a cikinsa yake kashewa. Injin mota, gawayi, risho, murhun gas da janareto duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi da ninki sama da 200, kuma alamunta na farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci ba ya jin su balle ya farka. Saboda haka ba a kwana injin yana aiki don neman ɗumi ko sanyin na'ura, ba a shigo da garwashi cikin rumfa ko da ya daina hayaƙi, ba a girki a ciki, kuma janareto a nesa ake ajiye shi inda iska ke ɗauke hayaƙinsa daga motar. A sayi ƙaramar na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, mai aiki da batir, a manna ta kusa da inda kai yake, a riƙa danna maɓallin gwajinta kowane mako. Babu wanda zai zauna a cikin rumfar yayin da mota ke tafiya, domin hayaƙin salansa yana iya shiga ta ƙofar baya, kuma babu bel a wurin.

Gas ɗin girki kuwa ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo sai ya kwanta a ƙasan bodi ya taru. A ajiye tukunyar gas ɗin a tsaye, a ɗaure, a rufe ta daga kanta bayan kowane girki, a wurin da ke da kafar iska ta ƙasa.

Akwai kuma damshi. Numfashin mutum biyu a rufaffen wuri yana jiƙa rufi da tagogi kafin asuba, kuma idan aka bar shi katifa takan yi funfuna ta ƙasa cikin 'yan makonni. Maganinsa shi ne a bar tagogi biyu da ke fuskantar juna a buɗe kaɗan ko da ana sanyi, a kuma ɗaga katifar a shanya ta duk lokacin da rana ta fito.

Mataki na biyar: wutar lantarki

Batirin da ke tayar da injin aikinsa ɗaya ne, kuma ba a haɗa masa firji ko fitilar zango, domin wayewar gari da mataccen batir a inda mota ba ta wucewa babbar matsala ce. A sa batir na biyu, a haɗa shi da na farko ta na'urar da ke caja shi yayin da injin ke aiki, ta kuma raba su da zarar an kashe. Lissafinsa mai sauƙi ne: batir mai amfiya-awa 100 a kan bolt 12 yana riƙe da wat-awa 1200. Idan na dalma ne, rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, wato wat-awa 600. Na lithiyam ana iya shan mafi yawansa, kuma bai kai na dalma nauyi ba, sai dai ba a caja shi idan sanyi ya kai na ƙanƙara, wato ƙasa da digiri sifili. In firji yana cin wat-awa 400 a rana, wayoyi da fitilu da fanka kuma 150, to batirin dalma kwana ɗaya zai yi da ƙyar, na lithiyam kuma ya kusa kwana biyu. Farantin sola mai wat 100 yana iya mayar da kaso mai kyau na wannan a ranar da gari ya yi wasai, amma ba a dogara da shi a lokacin hadari ko a ƙarƙashin itatuwa. Kowace waya da ta fito daga batir a sa mata fiyus dab da kan batirin, domin wayar da ta goge a jikin ƙarfe ba tare da fiyus ba gobara take haifarwa.

Mataki na shida: ruwa da abinci

Mutum yana buƙatar kimanin lita 3 na sha a rana, fiye da haka a lokacin zafi, kuma idan aka haɗa da girki da wanke-wanke da tsaftar jiki ya kamata a ƙiyasta lita 8 zuwa 15. A raba ruwan a jarkoki biyu ko uku maimakon babban tanki ɗaya, don idan ɗaya ta fashe ko ta gurɓata sauran su tsira, a kuma keɓe guda wadda ba a taɓawa sai a halin gaggawa. Ruwan rafi ko na rijiyar da ba a sani ba a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana zaɓaɓɓaka, idan kuma ana kan tudun da ya haura mita 2000 a kai minti 3, domin a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Firji ya zauna ƙasa da digiri 5. Busasshen abinci da na gwangwani su ne ginshiƙi, ɗanye kuma a saya kaɗan-kaɗan a hanya. A inda akwai namun daji ba a barin abinci a fili, kuma wasu wuraren suna da doka a kan haka, kamar gandun Yosemite na Amurka, inda ba a yarda a bar abinci a cikin mota da dare ba saboda dabbar beyar tana fasa motoci don ta kai gare shi.

Mataki na bakwai: hanya, mai da takardu

A tsara tafiyar bisa yanayi kafin a tsara ta bisa nisa, wato a bi yankin zafi a lokacin sanyinsa, a kauce wa hanyoyin ƙasa a damina da hanyoyin duwatsu a lokacin ƙanƙara. A sauke taswirar dukan yankin a waya tun ana da intanet, domin na'urar nuna wuri tana aiki da tauraron ɗan'adam ko babu sabis, amma taswirar sai an riga an ajiye ta. A riƙe ta takarda kuma.

Motar da ke shan lita 12 a kowane kilomita 100, mai tankin lita 80, za ta yi kimanin kilomita 660 a kan takarda, amma lodi da hawan tudu da yashi da iskar da ke bugowa ta gaba duk suna rage wannan. A yi shiri kamar kashi biyu cikin uku ne kawai ake da su, a kuma riƙa cika tanki da zarar ya kai rabi a yankunan da gidajen mai ke nesa da juna. Lasisi da takardun mota da inshora su kasance da kwafi a wuri dabam. Idan za a tsallaka iyakar ƙasa, a bincika tun da wuri ko ana buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da takardar shigar da mota na ɗan lokaci. A bar tsarin tafiyar a hannun wani amintacce, a yi alkawarin ranakun da za a kira shi, a kuma gaya masa abin da zai yi idan ya ji shiru.

Mataki na takwas: tsarin yini da yada zango

Gajiya ita ce take cin masu irin wannan tafiya, musamman a makon farko da ake ɗokin cin nisa. A Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota wuce awa 4 da rabi ba tare da hutun minti 45 ba, kuma a ƙa'ida awa 9 ne iyakar tuƙinsa a yini. Wanda zai sauka ya kafa zango ya yi girki da kansa ya kamata ya tsaya ƙasa da haka sosai, ya huta duk bayan awa biyu, ya kuma ware yini guda a kowane kwana huɗu ko biyar wanda motar ba za ta motsa ba, don wanki da shanya da duba kaya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

A isa masauki da sauran awa biyu kafin faɗuwar rana, a kuma riƙe wuri na biyu a zuciya ko da na farko bai yi ba. Da haske ne ake ganin abin da duhu ke ɓoyewa: busasshen reshe a saman mota, gidan tururuwa, ƙasar da za ta zama taɓo, ko alamar cewa filin na wani ne. Ba a kwana a busasshen kwarin rafi ko da sama ta yi tas, domin ruwan da aka yi a tsaunin da ke nesa yana iya isowa cikin dare. A daidaita motar da katako ko dutse a ƙarƙashin taya don kai kada ya yi ƙasa, a juya hancinta ya fuskanci hanyar fita, a bar kujerar direba babu kaya, makulli kuma a wuri ɗaya kullum. Idan wuri bai kwanta wa mutum a rai ba, ya tashi ba sai ya nemi dalili ba.

Dokar kwana a mota ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga gari zuwa gari. A Amurka, alal misali, yawancin filayen gwamnatin tarayya da ke ƙarƙashin hukumar kula da filaye ta BLM ana iya yada zango a cikinsu kyauta, amma ba a wuce kwana 14 a wuri guda cikin kwana 28, alhali birane da dama na ƙasar sun hana kwana a mota a gefen titi. A filin wani kuwa neman izini ne kawai mafita. Inda babu makewayi, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a nisan aƙalla mita 60 daga kowane ruwa, a rufe shi bayan an gama, shara kuma a tafi da ita. Wutar itace ba a barinta sai an zuba mata ruwa an juya tokar har ta yi sanyin da hannu zai iya taɓawa.

Kowace safiya, kafin tayoyi su yi zafi, a auna iskarsu a kwatanta da adadin da ke jikin ƙofar direba na mota mai lodi, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigon mai ko ruwa, a duba baƙin mai, a ja kowace ɗamara.

Mataki na tara: idan hanya ta yi tsanani

A doguwar gangara, mota mai lodi da giya ake sauko da ita, domin birkin da aka daɗe ana takawa yana yin zafi har ya daina kamawa. A sa ƙaramar giya tun daga saman tudun, a riƙa taka birki a taƙaice ana saki. Ruwan da ke gudu a kan hanya ba a shigarsa: mai zurfin santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, mai santimita 60 kuma yana tafiya da akori-kura, ga shi ba a ganin ko ya riga ya cinye kwaltar da ke ƙarƙashinsa. A cikin yashi mai laushi rage iskar taya yana taimakawa, da sharaɗin a mayar da ita da famfo kafin a hau kwalta. Idan taya ta fara juyawa a wuri ɗaya a ɗaga ƙafa nan take, a fito da shebur a share gaban tayoyin, a sa katako ko rassa, domin ƙara wuta nutsar da motar kawai yake yi.

In injin ya yi zafi a tsaya a kashe shi, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce sarai. Idan kuwa motar ta mutu a wuri mai nisa da mutane, a zauna tare da ita: a nan inuwa da ruwa suke, kuma masu nema sun fi saurin hango mota a kan hango mutum a ƙafa. A ɗaga bonet, a kafa tamfol don inuwa, a rage motsi a tsakar rana, a kashe waya ana kunna ta lokaci-lokaci don neman sabis. Wanda hanyarsa za ta bi ta yankunan da babu sabis na kwanaki ya tanadi ƙaramar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ya gwada ta tun yana gida, ya kuma tabbatar cewa ƙasar da zai shiga ta yarda a yi amfani da ita.